Kifin Bota da Lomar Farko

Fuseina, ke kika tayar da wannan magana ranar Sallah. Kina ba 'ya'yanki labarin yadda kakarku Mma Sanatu take sa hannu a kwanon kowa ta ɗauki loma kafin ta miƙa masa, ke da ɗan'uwanki Alhassan kuna ta ƙyaƙyata dariya kuna cewa tsohuwa mai kwaɗayi. Na taya ku dariyar don kada in ɓata muku Sallah, amma na koma ɗaki raina a dagule, kuma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗauki tsintsiya sai in ajiye, in na kunna rediyo sai in kashe. Mma ta hana ni gaya muku wannan labari tana da rai, na kuwa bi maganarta. Yanzu ta yi shekaru a ƙasa, ni ma gwiwoyina sun fara ba ni sanarwa, ba zan tafi in bar ku kuna kiran uwata mai kwaɗayi ba.

A shekarar da nake magana ku biyun kuna ƙanana, ba ku daɗe da fara makarantar allo ba. Muna zaune a unguwar Zogbeli a Tamale, a babban gidan Alhaji Abukari, yayan mahaifin babanku Iddrisu. Mma tana da ɗaki ɗaya a kusurwar gidan kusa da rumfar girki, tun rasuwar mahaifina take cikinsa. 'Yar Salaga ce, ba ta da ɗa namiji, ba ta da wa ko ƙane a Tamale, ni kaɗai ce nata. Sana'arta girkin biki. In an ce aure ko suna ko sadakar arba'in daga Zogbeli zuwa Aboabo, to manyan tukwanen Mma ne za a gani a kan murhu, ni kuma ina gefenta ina yanka albasa ina faɗa da masu kawo itace. Ita ba ta da hayaniya ko kaɗan. Bakin nan da kuke cewa ina da shi, ba a wurinta na gado shi ba.

Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki aka sa bikin autar Alhaji. Mijin ɗan gidan masu hali ne, Alhaji kuwa mutum ne mai son a ce ya yi. Ya ce ba naman shanu kaɗai ba, manyan baƙi sai sun ci kifin bota, kuma ba na kolsito ɗin Tamale ba, wato shagunan sanyi, wani direban tirela abokinsa zai taho masa da shi daga Tema, can bakin teku. Kun san yadda muke da kifin teku a nan. Ba mu taɓa ganinsa da rai ba, a kwali yake zuwa mana a daskare, sunan da mai shago ya kira shi da shi shi ne sunansa. Kifin botan da Mma ta sani shi ne mai faɗin nan kamar tafin hannu, da kansa da wutsiyarsa. Da aka buɗe kwalayen Alhaji sai ga wasu manyan gunduwoyi masu kauri, ba kai, ba wutsiya, naman fari fat. Ina tsaye Mma ta juya guda ɗaya a hannunta, ta shinshina, ta ce wa Alhaji wannan ba botan da ta sani ba ne. Ya yi dariya ya ce ai ta saba da 'ya'yan ne, yau ga uwar ta zo, ga sunan ma a jikin kwali. Ta ce to, ta sa aka ɗora mai.

Wallahi ban taɓa jin ƙamshin suya irin na ranar ba. Kifin ya soyu ya yi ja, yana narkewa a baki in ji waɗanda suka ci. Da yake bai da yawa, sai Mma ta raba shi yadda ake yi, manyan gunduwoyi ga uban ango da mutanensa da Alhaji da malamai, matsakaita ga manyan mata, sauran jama'a jalof da nama. Mu masu girki ko ƙaya ba mu samu ba. Mma kuwa ba ta sa komai a bakinta ba ranar, tana azumin Sitta Shawwal, ni nake ɗanɗana mata gishiri. Haka take tun ina yarinya, ta fi son ta yi babban girki da azumi a bakinta, ta ce hancinta ya fi aiki.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi, amma dole in faɗa. Daga yammacin ranar zuwa washegari, wani irin mai ya dinga fita daga jikin mutane ta baya, ja-ja kamar manja. Ba murɗar ciki sosai, ba wata alama, mutum yana zaune sai dai ya ji danshi. Uban ango a sahun gaba na masallaci abin ya same shi, cikin farar shadda. Da farko kowa ya yi gum, yana tsammanin shi kaɗai ne Allah ya jarraba. A bakin famfo asirin ya tonu, da mata suka fito da wanki, wannan ta ga abin da ke jikin wandon mijin waccan, waccan ta ga nata, ga shi sabulu ba ya fitar da shi. Kafin la'asar duk Zogbeli ta ɗauka. Cikin kwana biyu abin ya tsaya da kansa, ba wanda ya kwanta, amma maganar ba ta tsaya ba.

Sai aka fara lissafi irin na mutanenmu. Me ya sa abin ya zaɓi manya ya bar yara? Me ya sa ya fi kama dangin ango? Me ya sa wasu sun ci bai taɓa su ba? Kuma me ya sa mai girkin ba ta ci ko loma ɗaya ba? Aka manta cewa ita kullum haka take. Ba a yi mako uku ba gwaggon ango ta rasu, tsohuwar da ta yi shekaru tana fama da ciwon suga, wadda ko bikin ba ta zo ba. Sai wata 'yar haya a gidanmu ta tashi da safe ta ce ta yi mafarki Mma tana bin ta da ludayi. Shi ke nan. Kun girma a garin nan, kun san abin da mafarki irin wannan yake jawo wa tsohuwar da ba ta da ɗa namiji. Aka daina aiko yara sayen kokonta na safe. Waɗanda suka ba ta girkin suna suka aiko a ce an ɗaga. In ta fito alwala sai mata su janye 'ya'yansu su shige ɗaki. Har Hajiya Memuna, matar Alhaji, wadda suka yi shekara da shekaru suna tsintar shinkafa a faifai ɗaya, ta koma gaisuwa daga nesa. Ita ma abin ya same ta, kuma na san kunya ce da tsoro suka rufe mata baki, amma a lokacin haushinta nake ji fiye da na kowa.

Mma kuwa ta wanke tukwanenta ta kife, ta zauna a ƙofar ɗaki da carbi. Ni ce na haukace. Na zagi mai mafarkin tas, na ce ta rage cin wake da dare, aka riƙe ni. Hakan bai ƙara mana komai ba sai cewa da aka yi 'yar ma a yi hankali da ita. Sai wata safiya Iddrisu ya shigo yana kallon ƙasa, ya ce dangin ango sun matsa wa Baba Alhaji, an yanke cewa kafin babbar Sallah Mma ta bar gidan. Wasu ma suna cewa a kai ta ƙauyen nan da ake ajiye tsofaffin da aka ce mayu ne. Ban tsaya ɗaura ɗankwali da kyau ba na nufi zauren Alhaji. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tuna masa cewa a gabana Mma ta ce wannan ba botan da ta sani ba ne. Bai musa ba. Ya daɗe yana jan gemu, sannan ya ce:

"Adiza, duk Tamale ana cin kifin bota. Wa kika taɓa ji ya yi wa haka? Ni ban ce uwarki ta yi ba, ban kuma ce ba ta yi ba. Kawo mini kifin da zai yi wa mutum wannan abu ba tare da hannunta ba, sai in san abin da zan gaya wa surukaina."

Ya faɗa ne don ya sallame ni. Ni kuwa na ɗauke ta da gaske.

Direban da ya kawo kifin ya yi Burkina da kaya, ba a san ranar dawowarsa ba. Kwalayen kuwa an riga an hura wuta da su. Sai na hau moto ɗina, ɗan babur ɗin nan, na shiga gari. Ba kolsito ɗin da ban shiga ba, Aboabo, babbar kasuwa, Lamashegu, hanyar Bolga, har wasu lunguna da ban san akwai su ba. Ko'ina na ce kifin bota sai a ce akwai, a buɗe firiza a ciro mini wani abu dabam. Wannan mai faɗi ne irin na Mma. Na gaba dogo ne siriri mai ratsin rawaya. Wani mai ƙaramin baki da fata kamar azurfa. Na ce wa wani yaron shago yaya kifi uku za su zama abu ɗaya, ya ce shi dai abin da aka rubuta yake sayarwa, in ba na so in matsa. Kowanne na samu sai in saya, in zo in soya, in cinye ni kaɗai, in zauna ina jiran cikina ya yi wani abu. Ba abin da ya faru sai ƙiba da na fara yi, ga uwata tana ramewa. Na daina zuwa rumfata ta kayan miya. Abinci na gida ma a tsaitsaye nake yi muku shi. Ko sallah nake, ina sallamewa hankalina ya tafi wane shago ne ban je ba, ga watan babbar Sallah yana matsowa.

A Sakasaka na faɗa shagon wata Bafantiya, 'yar kudu daga bakin teku, da ake kira Anti Esi, wadda ta daɗe a Tamale har tana jin Hausar kasuwa. Na gaji ranar, na zauna a bencinta ba ta ce in zauna ba, na kwashe labarin duka na gaya mata, har da abin da ya sami uban ango. Ina tsammanin za ta yi jimami, sai ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Na tashi zan ci mata mutunci, ta kamo zanena ta zaunar da ni. Ta ce ta san kifin. Ta ce a teku kifaye da yawa ne ake kira bota, duk mai farin nama mai maiƙo in ya shiga kwali sunan da za a saya shi ake rubuta masa. Amma akwai wani baƙi, dogo, mai manyan idanu, da yake zaune can ƙasan ruwa, jiragen da ke kama kifin tuna ne suke haɗowa da shi. Man jikinsa ciki ba ya riƙe shi, yadda ya shiga haka yake fita. A garinsu in an same shi, gasa shi ake yi sosai man ya ɗige, a ci ɗan kaɗan, kuma ba a ba baƙo. Wasu yana kama su, wasu ba ya kama su. Ta ce ita ba ta ajiye shi, kuma ba ta jin zan same shi a arewa. Amma tana da ƙanwa mai sayar da kifi a Tema.

"In ka je," in ji ta, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "kada ka karɓi gunduwa. Ka ce sai da kai. Kifi ba kai, kowa zai ba shi sunan da ya so."

Babanku bai yarda in tafi ba. Ya ce Baba Alhaji zai ɗauka so nake in kunyata shi a gaban surukansa, kuma a ƙarƙashin inuwarsa muke, garejin da yake gyaran mota ma a filin Alhajin yake. Ya ce mu kama wa Mma ɗaki a wata unguwa a yi shiru, magana za ta mutu. Na ce masa wace unguwa ce a Tamale da labari ba ya zuwa, kuma in ta fita da wannan suna, da shi za a binne ta, ku ma da shi za a aurar da ku. Mutumin kirki ne babanku, Allah ya ji ƙansa, amma ba ya son tashin hankali ko na minti ɗaya. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa tafiya ba da izninsa ba sai wannan karon, kuma har yau ban yi nadama ba. Kafin in tafi na kai Mma gidan wata tsohuwar ƙawarta a Aboabo, na ce ta ɗan sha iska. Ban gaya mata inda za ni ba. So nake duk abin da zai faru ya faru ba ta cikin gidan.

Ranar da na fara ganin teku ban ji komai ba sai haushi. Mutane suna ba da labarin girmansa, ni kuwa ina tsaye a kasuwar kifi ta Tema, ƙarni ya cika mini hanci, ina kallon ruwan ina cewa a raina, wato a cikin wannan ne abin da ya rusa uwata yake yawonsa. Ƙanwar Anti Esi ta karɓe ni da kyau, amma ta ce sai an jira, ba kullum ake samunsa ba. Na kwana a Zangon Ashaiman wurin wasu 'yan Tamale, kullum da sassafe ina bakin kasuwa. Nan na ga abin da ya ɗaure mini kai. Kifayen da muke kira da suna ɗaya a gida, ga su a shimfiɗe da kawunansu, ko kama ba su yi da juna, kowanne da sunansa a bakin masunta. Kwanaki suna tafiya, guzurina yana ƙarewa, ina kewarku, ina tunanin ko an riga an je Aboabo an ɗauke Mma. Ƙafata ba ta zauna ba, har matan kasuwar suka fara tsokanata suna cewa ga 'yar arewa mai sintiri. Sai wata safiya matar ta aiko a kira ni bayan wani shagon sanyi. Ga shi nan a ƙasa, baƙi ƙirin, tsawonsa ya fi hannuna, idanunsa ƙato-ƙato. Ta yanki wajen wutsiya ta nuna mini. Fari fat. Na zauna a kan jiƙaƙƙen siminti.

Da kansa na taho da shi, cikin buhu da ƙanƙara da garin katako. Yaron bas ya yi ta mita, na ce ya taɓa buhun ya ga ikon Allah. Da hantsi na iso Zogbeli. Ban shiga ɗakinmu ba, na juye kifin a babban baho a tsakar gida, mata suka fito suka kewaye shi, ba wadda ta taɓa ganin irinsa. Na aika a gaya wa Alhaji na kawo abin da ya ce. Ya aiko cewa yana da baƙi, kuma shi ba zai sake sa wannan abu a bakinsa ba, ba kuma zai ce wani ya sa ba. Dama na san haka za a yi, na riga na shirya tun a mota. Na je ƙofar Hajiya Memuna na durƙusa, na ce Mma Hajiya, ba na roƙon ki ci, ki dai yanka da wuƙarki, ki soya da manki a kaskonki, kada ni ko wani nawa ya taɓa. Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta fito da wuƙa. Gunduwar farko tana faɗawa cikin mai, ƙamshin ya tashi, na ga hannunta ya tsaya. Ta ce a hankali, shi ne.

Na shiga na ɗaura farin zanena na zuwa masallacin Idi, na fito na ajiye kujera a tsakiyar gida, na ci manyan gunduwoyi har sai da maiƙon ya ginshe ni. Na ce ba inda za ni, duk mai ido ya tsaya ya gani. Ku sani ina jin kunya kamar kowace mace, kuma na san abin da nake jira ya same ni a gaban matan da zan ci gaba da zama da su. Ina cikin ci mai mafarkin nan ta ce, yadda kowa zai ji, ai ko ya kama ta ba shaida ba ce, jininsu ɗaya da tsohuwar, abin a gidansu yake. Ban yi wannan tunanin ba, kuma na ga kawuna suna gyaɗawa. Hajiya Memuna tana tsaye da matsami a hannu. Ta ajiye shi, ta shiga ɗaki, ta fito da farin zane a jikinta da kujerarta a hannu. Ta zauna kusa da ni ta jawo kwanon.

"Sanatu ta yi mini wankan jego sau biyar," in ji ta, ba ta kalli kowa ba. "Matsa mini, Adiza."

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Sallah kaɗai ke tada mu, mu idar mu dawo. Rana ta take, ba abin da ya faru. Mata suka fara zamewa suna komawa girki, wasu suna dariya ƙasa-ƙasa. Maganar Anti Esi ta dinga dawo mini, wasu yana kama su, wasu ba ya kama su. In mu biyun muna cikin waɗanda ba ya kamawa fa? To na kawo wa uwata shaidar da za ta ƙarasa ta da hannuna. Na yi addu'ar da ban jin wani Musulmi ya taɓa yin irinta, ina roƙon Allah ya kunyata ni kafin magariba. Bayan azahar ya amsa. Na ji danshin, na miƙe, na juya musu baya na tsaya. Wata ta yi salati, yara suka kwashe da dariya. Hawaye yana zubo mini amma ban motsa ba sai da kowa ya gani. Na je na gyara jikina na dawo na zauna, don tawa ba ta isa ba, ta Hajiya ake jira.

Ana kiran la'asar ta kama hannuna ta matse. Ta miƙe a hankali, mace mai jikoki, wadda ta je Makka, ga abin nan ja a bayan farin zanenta. Na ɗauka makewayi za ta nufa. Sai ta ratsa tsakar gida, ta wuce rumfar girki, ta nufi zaure inda Alhaji yake zaune da baƙinsa, cikinsu har da ƙanen uban ango. Muna biye da ita. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama.

"Alhaji, kifinka ne," in ji ta. "Ni na yanka, ni na soya. Sanatu tana Aboabo."

Ta juya ta tafi a hankali, yadda duk wanda ke zauren zai gani.

Ba a sake maganar tashin Mma ba. Alhaji bai taɓa ba ta haƙuri da bakinsa ba, ya dai aiko babanku da turmin atamfa da cewa ɗakinta yana nan. Ni kuwa ya yi shekara bai amsa gaisuwata da kyau ba, kuma a ƙarshe babanku ya tashi da garejinsa daga filin. Sunan nan da kuka taso kuna ji ana kirana da shi a kasuwa, Adiza Manja, kuna tsammanin don ina sayar da manja ne. To yanzu kun san inda ya fito.

Washegari na je Aboabo da murnata, ina ba Mma labari ina haɗawa da dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta saurara har na gama, ta tambaye ni ko cikina ya lafa, na ce ya lafa. Ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Tun kafin a haife ki suke ci daga hannun nan," ta ce. "Na ce musu ban yi ba, ba su ji ba. Sai da 'yata ta ɓata zanenta."

Ta dawo gida. Bayan babbar Sallah aka kawo mata girkin wani suna, kamar ba abin da ya taɓa faruwa, har da mai mafarkin cikin masu taya wanke shinkafa. Ranar Alhamis ce, ranar azuminta, na tashi zan ɗanɗana mata gishiri kamar kullum, ta ce in bari, yau ba ta ɗauki azumi ba. Da aka sauke, kafin a zuba wa kowa, ta ɗauki cokali ta bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, a gaban mata, tana ɗiba tana ci tana haɗiyewa a hankali. Ba wadda ta ce mata ta yi. Wasu suka sunkuyar da kai. Daga ranar ba ta sake haɗa azumi da girki ba, kuma ba ta sake miƙa wa ɗan Adam abinci ba sai ta ci daga ciki yana kallo. Ko ƙosai ne sai ta gutsura, ko ruwan koko sai ta kurɓa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce magana ta wuce, ta ce to, gobe ta sake.

Ke Fuseina ba za ki tuna ba. Wata rana kin dawo daga makaranta da yunwa, Mma ta zuba miki tuwo da miyar ayoyo a ɗan kwanonki mai fure. Mu uku ne kawai a ɗakin, an saki labule. Ta gutsuri loma ta kai baki, kika fashe da kuka kina bubbuga ƙafa kina cewa Mma ta cinye miki tuwo. Na ce haba Mma, wannan fa jikarki ce, a cikin ɗakinmu muke, wa ke kallonmu? Ta haɗiye, ta share miki hawaye da bakin mayafinta, ta tura miki kwanon.

"Na sani," in ji ta. "Bari dai ta ga na ci."